Daga Warsaw zuwa Gdansk, a sawun matan da suka yi yaƙin ɓoye

Na fara da dandalin Krasinski a Warsaw, babban birnin Poland. Ta wata magudanar ruwan datti da ke nan dubban mayaƙa suka sulale daga tsohon gari a farkon Satumban 1944, lokacin boren da mutanen Warsaw suka yi wa mamayar Jamus a Yaƙin Duniya na Biyu, wanda ya ɗauki kwana 63. Da yawa cikin masu yi musu jagora a ƙarƙashin ƙasa 'yan mata ne 'yan aike. A gidan tarihin boren an gina kwatankwacin magudanar, kuma na shiga: sai ka sunkuya, kafaɗa na gogar bango. A ta gaskiyar ba a kunna fitila, ba a magana, domin Jamusawa na kasa kunne a bakin murfi, da sun ji motsi sai gurneti.

Jirgin ƙasa zuwa Torun wajen awa uku ne. Babbar tashar tana tsallaken kogin Vistula, tsohon gari kuma yana ɗaya gaɓar, don haka wanda ya sauka a nan sai ya nemi bas.

Torun garin Elzbieta Zawacka ne, wadda ake kira Zo. Malamar lissafi ce mai jin Jamusanci kamar 'yar gida, shi ya sa ta riƙa ƙetara iyaka da takardun bogi tana kai saƙonnin mayaƙan ɓoye na Poland. Saƙonnin akan ɗauke su hoto a ɗan mitsitsin fim, a ɓoye cikin ƙananan kayan aljihu. A 1943 ta ratsa Jamus da Faransa, ta haye duwatsun Pyrenees zuwa Sifaniya har ta kai Landan, a watan Satumba kuma ta dawo Poland, ta diro daga jirgin sama da laima. Ladan da gwamnatin kwaminisanci ta Poland ta ba ta bayan yaƙi: kamu a 1951 da hukuncin shekara 10. An sake ta a 1955. Sai a 2006 aka yi mata janar, tana da shekara 97.

Gadar da aka sa wa sunanta ba ta tsaya mini a rai kamar ma'ajiyar takardun da ta kafa ba, inda aka tara bayanan dubban mata. Aikin ya yi wuya, don sun yi yaƙin da sunayen aro, bayan yaƙi kuma faɗin gaskiya kan kai mutum kurkuku. Shugabar Zo a lokacin yaƙi ma, Emilia Malessa, ta ba jami'an tsaron kwaminisanci sunayen abokan aikinta bisa alkawarin ba za a taɓa su ba. Aka saɓa. Ta kashe kanta a 1949.

A Gdansk na je maƙabartar sojoji. Danuta Siedzikowna, wato Inka, mai jinyar mayaƙa, gwamnatin kwaminisanci ta harbe ta a kurkukun titin Kurkowa ranar 28 ga Agustan 1946, saura kwana 6 ta cika 18. Ba a gano ƙasusuwanta ba sai 2014, gwajin ƙwayoyin gado (DNA) ya tabbatar a 2015, aka yi mata jana'izar ƙasa a 2016. Na tarar da kyandirori cikin jajayen gilasai jere a gefen kabarin, wasu iska ta kashe.