Rashin lafiyar shugaba: me ya kamata a ɓoye, me ya zama dole a faɗa?

Ranar 23 ga Nuwamba 2009 aka fita da Shugaba Umaru Musa 'Yar'adua zuwa wani asibiti a Jidda. Likitansa, Dakta Salisu Banye, ya ce kumburi ne a jakar da ke lulluɓe da zuciya. Daga nan sai shiru. Ba a sake jin muryarsa ba sai ranar 12 ga Janairu 2010, a wata gajeriyar hira ta waya da BBC. Ranar 9 ga Fabrairu Majalisar Tarayya ta fake da hujjar larura, ta mayar da Goodluck Jonathan muƙaddashin shugaban ƙasa. An dawo da Malam Umaru cikin dare ranar 24 ga Fabrairu, ya rasu ranar 5 ga Mayu, Allah ya jiƙansa. Tsakanin tafiyarsa da ƙudurin majalisa kwana 78 ne, kuma a tsawon wannan lokaci babu wanda zai iya nuna maka mutumin da doka ta ba ikon sa hannu a madadin ƙasa.

Ciwo ba laifi ba ne, kuma Malam Umaru yana da haƙƙin a rufa masa asiri kamar kowane majinyaci. Abin da ya lalace shi ne an cakuɗa tambayoyi biyu da ya kamata a raba: mene ne ke damun shugaba, da kuma shin zai iya aiki. Ta farko tasa ce da likitansa da iyalinsa. Ta biyu ta jama'a ce, domin amanarsu ce a hannunsa.

Dokar Najeriya ta tsaya sosai a kan ta farko. Sashe na 26 na Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ya ce duk bayanin da ya shafi lafiyar mutum, maganinsa ko kwanciyarsa a asibiti sirri ne, ba a fitar da shi sai da izininsa a rubuce, ko umarnin kotu ko wata doka, ko idan ɓoyewar za ta jefa lafiyar jama'a cikin haɗari. Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ma ta keɓe abin da ke tsakanin ma'aikacin lafiya da majinyaci. Ɗan jarida ba zai rubuta wa asibitin fadar shugaban ƙasa ya ce a ba shi fayil ba, kuma daidai ne. Shugaban da ya san duk abin da ya gaya wa likita zai kwana a jarida, ba zai gaya wa likita gaskiya ba, ƙarshe ma ya daina zuwa.

A kan tambaya ta biyu kuwa, sashe na 144 na kundin tsarin mulki na 1999 ne ya shimfiɗa hanya. Sai kashi biyu bisa uku na dukkan mambobin majalisar zartarwa sun zartar da ƙuduri cewa shugaban ba zai iya aiki ba. Sannan Shugaban Majalisar Dattawa ya naɗa likitoci biyar na cikin gida: ɗaya likitan shugaban na kansa, huɗu ƙwararru a fannin da ciwon ya shafa. Idan suka tabbatar cewa naƙasar jiki ko ta hankali ta hana shi aiki har abada, Shugaban Majalisar Dattawa da Kakakin Majalisar Wakilai su sa hannu a sanarwa, a buga ta a jaridar gwamnati ta hukuma, daga ranar kujera ta fita daga hannunsa. Gwamnoni ma haka tsarinsu yake a sashe na 189.

Dubi wanda aka ba mabuɗin farko: ministoci. Shugaban ne ya naɗa su, shi ne kuma zai iya sallamarsu da safe. Tamkar a ce wa yaran shago su yanke hukunci ko maigida ya tsufa da riƙe kasuwa. Shi ya sa majalisar zartarwa a lokacin 'Yar'adua ta yi ta cewa shugaba zai iya aiki, alhali yawancin mambobinta ba su sa shi a ido ba. Marigayiya Dora Akunyili, ministar yaɗa labarai a lokacin, ce ta yi ƙarfin hali ta kai wa takwarorinta takarda a Fabrairun 2010 tana neman a fuskanci gaskiya. Matsala ta biyu ita ce sharaɗin "har abada". Likita mai tsoron Allah ba kasafai zai rantse cewa mara lafiya ba zai taɓa farfaɗowa ba, don haka mutumin da ya yi wata shida ba ya gane mutane zai iya tsallake wannan sashe.

Gyaran da aka yi wa sashe na 145 a 2010 ya toshe ɓaraka ɗaya: idan shugaba ya tafi bai aika wa majalisa wasiƙar miƙa mulki ba har kwana 21, majalisun biyu za su iya ɗora mataimakinsa da rinjaye mai sauƙi. A 2017 Muhammadu Buhari ya aika wasiƙa kafin tafiye-tafiyensa na jinya a Landan, Yemi Osinbajo ya riƙe, ko da tafiya ta biyu ta haura kwana 100 ba a faɗi ciwon ba, an san wanda ke sa hannu. Amma gyaran bai taɓa yanayin da ya fi wuya ba, wato shugaban da ya dawo gida, yana zaune a kujera, amma ba shi ke yanke hukunci ba. Jihar Taraba ta ɗanɗani wannan bayan Gwamna Danbaba Suntai ya yi haɗarin jirgi a Oktoban 2012, aka dawo da shi a Agustan 2013, aka shiga jayayya kan ko zai iya karɓar mulki daga muƙaddashin gwamna Garba Umar.

Shan giya ya fi dukkan waɗannan wuyar kamawa, domin mai shi yana zuwa ofis kullum. Charles Kennedy ya jagoranci jam'iyyar Liberal Democrats ta Birtaniya daga 1999, ya kai ta ga kujeru 62 a zaɓen 2005. Na kusa da shi sun daɗe da sanin halin da yake ciki, ana ta musantawa. Ranar 5 ga Janairu 2006 ya fito ya amsa cewa yana fama da matsalar giya kuma yana neman magani, bayan ya ji gidan talabijin zai fallasa, kwana biyu bayan haka ya sauka. Ya mutu a 2015 yana da shekara 55, sanadin zubar jini mai alaƙa da shan giya. Shugaban Rasha Boris Yeltsin kuma ya kasa fitowa daga jirgi a filin Shannon na Ayalan a Satumbar 1994, firaministan ƙasar na tsaye yana jiransa. A 1996 aka ɓoye ciwon zuciyar da ya same shi tsakanin zagaye biyu na zaɓe, sai a Nuwamba aka yi masa tiyata. Wannan mutum ne da ke riƙe da ikon harba makaman nukiliya.

Maye a bainar jama'a shi ne abin da kyamara ke ɗauka, amma likitoci sun fi tsoron abin da ke faruwa idan wanda jikinsa ya saba ya daina sha kwatsam. Cikin awa 6 zuwa 24 sai rawar hannu, gumi da fargaba su fara. Tsakanin awa 48 da 72 wasu kan shiga ruɗewa, gane-gane da farfaɗiya, har ta kai ga rasa rai idan babu kulawa. Doguwar tafiyar jirgi, kwanciya asibiti don wani aikin daban, ko taron ƙoli na kwana uku duk za su iya jawo wannan. Shan shekaru kuma yana cinye sinadarin bitamin B1, wanda rashinsa ke lalata ƙwaƙwalwa har mutum ya riƙa cike gurbin abin da ya manta da labarin da bai faru ba, yana kuma gaskata kansa. A ƙasar Hausa, inda giya haramun ce kuma abin kunya, ɓoyewar ta fi tsanani, neman magani ya fi jinkiri, haka ma ga ƙwayoyin barci da na kashe zafi irin su tiramadol. Ina ganin ya kamata a ɗauki wannan a matsayin ciwo da ke da magani, kuma shugaban da ya nemi magani da kansa ya fi wanda ya ɓoye cancantar a ba shi dama.

Ana iya auna waɗannan abubuwa ba tare da tonon silili ba. Hukumar Lafiya ta Duniya tana da tambayoyi 10 da ake kira AUDIT, maki daga 0 zuwa 40, wanda ya samu 8 ko fiye yana sha mai haɗari. Rauninsu shi ne sun dogara da gaskiyar mai amsawa, don haka ake haɗawa da gwajin jini. GGT, wani sinadarin hanta da ake aunawa a jini, yana tashi saboda dalilai da yawa, har da ƙiba da wasu magunguna, ba ya zama hujja shi kaɗai. Wani sinadarin jini mai suna PEth ya fi shi, don ba ya samuwa sai an sha giya, kuma yana nuna shan makonni biyu zuwa huɗu da suka wuce. Ga ƙwaƙwalwa akwai gwajin MoCA, maki 30 cikin kusan minti 10, 26 zuwa sama ake ɗauka lafiya. Gwajin tacewa ne kawai, cin sa ba ya nufin mutum zai iya mulkin ƙasa, faɗuwa kuma na nufin a zurfafa bincike. Dole a maimaita a lokuta daban-daban, saboda mai wankin ƙoda, wanda galibi sau uku ne a mako na awa huɗu, yana iya zama garau yau gobe a same shi a galabaice.

Su wa za su yi gwajin? Nan ma akwai tarko ta fuska biyu. Likitan shugaba shi kaɗai bai isa ba: Dakta Claude Gubler ya yi shekaru yana sa hannu a rahotannin lafiyar Shugaba François Mitterrand na Faransa, alhali an gano kansar mafitsara ta maza (prostate) a jikinsa tun 1981, ba a faɗa ba sai 1992. Kwamitin da abokin hamayya ya tara shi ma haɗari ne: ranar 7 ga Nuwamba 1987 likitoci bakwai suka sa hannu cewa Shugaba Habib Bourguiba na Tunisiya ba zai iya mulki ba, Firaminista Ben Ali ya hau, ya zauna shekara 23.

Abin da zai yi aiki a Najeriya shi ne kwamiti na dindindin da ba shugaba ne ya naɗa ba, ba kuma a ranar rikici aka kafa shi ba, Hukumar Kula da Likitoci ta ƙasa ta zaɓo mambobinsa na wa'adi ƙayyadadde. Ya duba shugaba, mataimakinsa da gwamnoni sau ɗaya a shekara, da kuma duk lokacin da jinya ta wuce kwana 21. Fayil ya zauna a hannun likitoci, abin da za a sanar wa majalisa layi ɗaya ne: zai iya aiki, ba zai iya ba na ɗan lokaci, ko ba zai iya ba gaba ɗaya. Matakin tsakiyar nan shi ne babu a sashe na 144. A kuma saba da miƙa mulki na gajeren lokaci. A Amurka, George Bush ƙarami ya miƙa wa mataimakinsa Dick Cheney na 'yan awanni a 2002 da 2007 lokacin da za a yi masa allurar barci don duba hanji, Joe Biden ya yi wa Kamala Harris haka a Nuwamban 2021, kowannensu da wasiƙa ɗaya ya miƙa, da wata wasiƙar ya karɓi kujerarsa a rana guda.