Otomatik ko mai jan ƙafa huɗu?

Wata biyu na yi ina jujjuya maganar nan a raina kafin mu sayi motar iyali mai kujera bakwai. Kuɗin hannuna ba za su ɗauki duka biyun ba: ko dai mai giyar otomatik, ko mai jan ƙafa huɗu amma da kulochi.

Zuciyata ta fi karkata ga ƙafa huɗun. Gani nake mun shiga laka ko yashi, motar ta fito abinta ba tare da an sauke yara an yi turi ba. Sai bakanikena ya tambaye ni: "Yallaɓai, sau nawa a shekara kake bin irin wannan hanyar?" Na ƙirga, bai kai biyar ba. Ya ce ga ƙarin nauyi, ga shan mai, ga man difransha na baya (akwatin giyar da ke raba ƙarfin inji ga tayoyin baya) da za a riƙa canzawa, kuma tayoyin huɗu dole su ci daidai, in ɗaya ya fashe wani lokaci sai ka sauya duka. Ya ƙara da cewa ƙafa huɗu wajen tashi take taimako, ba ta ƙara wa birki komai.

Cunkoso kuwa kullum ne, safe da yamma. Gwiwata ta hagu ta san abin da kulochi ya yi mata shekara da shekaru. Ga uwargida ta faɗa tun farko cewa ita fa ba za ta tuƙa mai kulochi ba.

Otomatik muka ɗauka, na sa mata tayoyi masu kyau. Jiya dai ruwan sama ya kama mu a wani gangare mai santsi, tayoyin gaba suka ɗan yi wulwul, na ji wancan tsohon kwaɗayin ya motsa.