Ga ƙannena masu shiga ajin baftisma a ƙasar Zuru

Da an kai dawa rumbu, sai ka ga ajin baftisma ya ƙara cika a majami'un ƙasar Zuru, daga Dabai har Ribah, ko ECWA ce, ko UMCA, ko Katolika. Wasu cikin ikilisiya aka haife su. Wasu kuma irina ne, daga gidan da ake bin al'adar kakanni suka fito. Da ku na biyun nake magana, ƙannena, don na riga ku bin hanyar nan, kuma ban bi ta yadda ya kamata ba.

Abin da za a koya muku sananne ne: Dokoki Goma, Addu'ar Ubangiji, ma'anar tuba, ko wane ne Yesu Almasihu, aikin Ruhu Mai Tsarki, da Jibin Ubangiji, wato cin gurasa da shan ƙoƙo don tunawa da mutuwar Yesu. A Katolika katikis ne ke koyarwa, kuma galibi daren jajibirin Ista ake zuba wa manya ruwa a ka. A wurinmu fasto ko mai bishara ke riƙe aji, dattawa su yi wa mutum tambayoyi, sannan a nutsar da shi cikin ruwa.

Duk wannan na haddace shi tsaf. Kafin Malam ya rufe baki na ba shi amsa, har da sura da aya. Amma akwai laya a ƙuguna wadda kakata ta ɗaura mini tun ina ƙarami, ban kuwa taɓa gaya masa ba. Ina tsoron in na cire ta wani abu ya same ni, ina kuma tsoron in na faɗa a ce sai wani zagaye, sa'o'ina su riga ni. Ranar baftisma na kwance ta na ɓoye cikin kayan canji, da yamma na mayar. Shekaru na yi ina karɓar Jibin Ubangiji zuciyata na tuhumata, har ranar da na kai ta wurin fasto da hawaye. Bai yi mini tsawa ba. Ya zaunar da ni, ya tambaye ni me nake tsoro, muka yi addu'a. Wannan zaman a cikin aji ya kamata a yi shi, ni na hana.

Ku karanta Ayyukan Manzanni sura ta 8 a natse. Siman mai sihiri an yi masa baftisma a Samariya, amma da ya miƙa kuɗi don ya sayi ikon Allah, Bitrus ya gaya masa zuciyarsa ba daidai take ba. A surar nan kuma ga mutumin Habasha, ma'ajin sarauniya guda, bai ji kunyar gaya wa Filibus cewa ba ya gane abin da yake karantawa ba. Shi ya kamata ku yi koyi da shi.

Saboda haka ku fito da tambayoyin da ke damunku da gaske. Zan je Uhola, bikin gargajiyar ƙasar Zuru, kuma wane ɓangarensa zan bari? Ina cikin golmo, wato noman neman aure a gonar surukai, yaya zan yi da aikin ranar Lahadi? In aka kawo burkutu wurin gayya fa? In kakana ya rasu aka ce a yi masa al'ada, ina zan tsaya? Mai mace fiye da ɗaya, me ikilisiyarsa ta tanada a kansa? Amsoshin kan bambanta daga ikilisiya zuwa ikilisiya, don haka a bakin malaminku za ku ji, ba a bakin aboki ba. In Hausar ta yi nauyi, ku roƙi a yi muku bayani da C'lela, harshen Dakarkari. Wanda bai iya karatu ba ya nemi ajin yaƙi da jahilci. Tun 1932 ake da cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa, bai kamata kullum sai an karanta maka ba.

Ɓoyon da ya fi yi mini ciwo kuwa, wanda na yi wa mahaifina ne. Kullum sai in ce masa makaranta za ni. A kasuwa ya ji an yi mini baftisma. Da ya dawo ya ce, "Ɗana, ba shiga cocin ba ce ta ɓata mini rai. Ni na haife ka, amma sai a bakin wani zan ji?" Na durƙusa na ce, "Baba, ka gafarce ni," amma an daɗe kafin ya sake sakin jiki da ni. Ga shi girmama uwa da uba yana cikin dokokin da na haddace.

Na san ba duk gida ne ɗaya ba. Akwai inda faɗa zai iya jawo kora ko abin da ya fi haka. Mai irin wannan gida kada ya yi gaggawa, ya fara shawara da fasto, a nemi dattijon da iyayen ke ganin girmansa a tafi tare. Amma in kunya ce kawai ko gudun faɗa, ku je ku durƙusa ku faɗa da bakinku, ko da ba za su yarda ba.

In dattawa sun saurare ku suka ce ku ƙara jira, kada ku yi fushi ku koma wata majami'ar da za a yi muku da sauri. Ku tambaye su abin da ya rage, ku koma aji mako mai zuwa.