Bayit ashirin

Jumma'ar nan zan miƙa mukullin ɗakin saba, wato ɗakin manyan kwamfutocin kamfaninmu, bayan shekara huɗu. Yaron da zai gaje ni ya roƙe ni in rubuta masa abin da ya kamata ya sani, amma duk ta inda na ɗauko zancen sai ya koma kan safiyar Litinin ɗin nan da faifan kwamfutar lissafi ya mutu.

Kamfanin na rarraba kayan masarufi ne: shinkafa, sukari, taliya, man girki. Rabin cinikin bashi ne, kuma wane ya ɗauki buhu nawa, ya biya nawa, saura nawa, duk yana cikin rumbun bayanai guda na manhajar MySQL. Tun shekarata ta farko na rubuta jerin umarnin da ke tashi da kansa ƙarfe biyun dare ya ajiye kwafin bayanan, wato bakof. Zuciyarsa layi ɗaya ce: umarnin mysqldump ya zubo bayanan daga rumbun, su bi ta bututu, wato mahaɗin umarni biyu, su shiga gzip mai rage girman fayil, gzip ya matse su ya ajiye a wani faifai da kwanan wata a jikin sunan fayil ɗin. In an gama lafiya, a goge duk ajiyar da ta wuce kwana 30 don kada wuri ya cika. Kowace safiya kuma nakan gwada fayil ɗin daren da gzip -t, mai duba lafiyar fayil. Bai taɓa yin ƙorafi ba.

Da faifan ya mutu ban ma tsorata ba. Na sa sabo, na ɗauko ajiyar jiya, na warware ta da gunzip. Babu komai. Na ɗauko ta shekaranjiya, babu komai. Sai a lokacin na buga ls -l na dubi girmansu, abin da na yi wata da watanni ban yi ba. Fayil 30 a jere, kowanne bayit 20 cif, kamar harafi ashirin kacal.

Daga baya, cikin dararen da barci ya ƙi zuwa, na karanta yadda aka gina tsarin gzip, wanda Jean-loup Gailly da Mark Adler suka fitar a 1992. Kowane fayil yana da kai mai bayit 10, wanda ke farawa da 1f 8b, alamar da ake gane shi da ita. A ƙarshe akwai wutsiya mai bayit 8: huɗu na lambar tantancewa ta CRC32, huɗu na girman abin kafin a matse shi. Idan ba a ba shi komai ba, sai ya sa bayit 2 a tsakiya masu nufin an gama. Goma da biyu da takwas, ashirin ke nan. Fayil ne lafiyayye, ba gurgu ba. Buhu ne sabo, an ɗinke bakinsa da kyau, an buga masa tambari, ba ko ƙwayar shinkafa a ciki. Shi kuwa gzip -t ɗinkin yake dubawa, ba ruwansa da nauyi.

Me ya hana bayanan zubowa? Mako shida kafin nan, manajanmu ya kira wani ɗan kwangila ranar Lahadi ya canza kalmomin sirrin rumbun, saboda an sallami wani akanta. Matakin daidai ne, ban taɓa cewa ba daidai ba ne. Amma ba wanda ya gaya mini. Daga daren nan mysqldump yana ƙwanƙwasa ƙofa ana korarsa, yana rubuta kukansa a inda ba mai karantawa. Ga kuma inda nawa laifin yake: a bash, manhajar da ke gudanar da jerin umarnin, in ka haɗa umarni biyu da bututu, sakamakon na ƙarshe kaɗai ake ɗauka. mysqldump ya faɗi, gzip ya yi nasarar matse babu, aka rubuta an gama lafiya, aka goge tsohuwar ajiya mai kyau. Kowane dare ɗaya mai kyau ta tafi, wofi ta maye gurbinta. Kalmomi uku, set -o pipefail, da na sa su a saman jerin, da tun daren farko an tsaya. Ban san su ba a lokacin.

A gaban kowa manajan ya tsayar da ni, har da direbobi da 'yan dako da suka leƙo.

“Kai ba kai ka ce mini kullum kana bakof ba?”

“Ranka ya daɗe, ina yi. Kalmar sirrin da aka canza ce ta…”

“Kada ka kawo mini Turancin kwamfuta. Aikinka ne ko ba aikinka ba ne?”

Na ce aikina ne. Da la'asar takardar tuhuma ta iso, aka yanke mini rabin albashin watan. A rahoton da ya aika wa Alhaji mai kamfanin babu ɗan kwangila, babu ranar Lahadi, sakacin ma'aikacin kwamfuta kawai. Laifi tudu ne. Ni na tsaya a kan nawa na amsa shi da bakina, shi har yau bai waiwayi nasa ba.

Abin da ya cece mu wani kwafi ne da na taɓa zubawa a faifan waje wata biyu kafin nan, ba don tsari ba, don zan gwada wani abu. Sauran kwanakin kuwa da hannu muka mai da su. Mako uku ni da Baba mai kula da sito muna bin kwafin rasit da takardun fitar da kaya ɗaya bayan ɗaya, har bayan sallar isha, wani lokaci da fitilar waya in janareta ya tsaya. Shi yana karantowa, ni ina shigarwa. Wata rana ya ce, “Ɗana, ni ban san abin nan naku ba, amma ban taɓa karɓar buhu ban ɗaga shi ba.” Wannan maganar na mayar umarni. Yanzu jerin yana auna fayil ɗin dare, in ya gaza rabin na jiya ya turo mini saƙo, kuma ba ya goge komai sai an warware sabuwar ajiyar cikin wani rumbun gwaji an ƙirga layukanta. Shekara biyu da rabi ke nan, faifai ya sake mutuwa sau ɗaya, cikin minti 40 aka ci gaba da ciniki. Ba wanda ya rubuta rahoto a kan wannan.

Sauran abubuwan da zan gaya wa yaron gajeru ne, yawancinsu a kan manhajojin matse fayil. gzip da xz suna goge ainihin fayil ɗin bayan sun matse shi sai ka sa -k, zstd kuwa barinsa yake yi, kada hannu ya saba da ɗaya ya cuce ka a ɗayan. tar ba ya matse komai, ɗaure fayiloli yake yi dami guda, shi ya sa in .tar.gz ya lalace a tsakiya kusan duk abin da ke bayan wurin ya tafi, alhali zip kowane fayil daban yake matsewa. Kada ka sa xz -9 a tsohuwar sabar nan, yana neman wajen megabayit 674 na ƙwaƙwalwa kafin ya matse, sai masu rasit su fara kiran wayarka. Na mayar da ajiyar dare kan zstd saboda saurinsa. Filashin da ke kan tsarin ajiya na FAT32 ba ya ɗaukar fayil mai gigabayit 4. Hotuna da bidiyo a matse suke zuwa, sake matse su ɓata wuta ne kawai. Sunan fayil kan yi ƙarya, tambayi umarnin file.

Kuma duk wanda zai taɓa kalmar sirri, komai girman kujerarsa, ka nemi a sanar da kai a rubuce, ka ajiye kwafi a wajen ofis. Jiya na shiga ofishin ma'aikata karɓar takardar sallama, na roƙi a nuna mini fayil ɗina. Takardar tuhumar tana nan a sama, da sa hannunsa.