Godiya ga waɗanda suka tashi motar Baba

Assalamu alaikum. Jiya Asabar motar marigayi mahaifinmu ta shiga Daura da ƙafarta kafin azahar, ta kuma dawo Katsina ana kiran magariba, ba turi ba janwe. Alhamdu lillahi. Akwai mutanen da in na yi shiru a kansu na ci amana, shi ya sa na zauna rubuta wannan.

Ga wanda bai san ta ba, Volkswagen Kombi ce ta 1970, irin wadda kamfanin Westfalia na Jamus ya riƙa mayar da cikinta ɗaki: gado mai naɗewa, ɗan teburi, da rufin da ake ɗagawa sama. Baba ya saye ta hannun wani Bature malamin makaranta da zai koma ƙasarsu. Bayan rasuwarsa ta yi shekara 14 a gindin bedin ƙofar gidanmu, kaji na ƙwai a ƙarƙashin sitiyari. Sau uku 'yan gwangwan suna tayawa, sau uku Hajiya tana cewa in dai tana numfashi ba za a yanka motar nan ba.

Mu shida ne na sani a Katsina masu irin waɗannan tsofaffin motoci, muna haɗuwa duk Asabar a filin gidan ɗaya daga cikinmu, kowa da sifanarsa. Su suka taya ni har ta tashi bara. Ni kuma na kusa ƙone ta da hannuna.

Laifina ne, ba na kowa ba. Dattijonmu, tsohon bakanike da ya yi aikin waɗannan injina tun zamanin da ake harhaɗa su a Legas, ya matsa tiyon mai da yatsa ya ce, "Yaro, wannan ya bushe, canza shi." Na ce, "Baba, ai bai yoyo." Ya dube ni bai ƙara magana ba. Da kaka muka ɗauki hanyar Daura don gwaji. Gab da Mashi wani mai babur ya sha gabanmu yana ihu yana nuna bayanmu. Injin Kombi a baya yake, saboda haka direba ne na ƙarshen sanin motarsa ta kama wuta. Tiyon ya tsage, fetur ya zuba kan distiributa. Tankin kuwa yana nan gaban injin kuma sama da shi, mai na ta gangarowa yana ciyar da wutar.

Godiyata ta farko ga wannan mai babur, wanda ko fuskarsa ban riƙe ba. Sai manoman da ke yankan gero a bakin titi, suka yar da aikinsu suka sheƙo, wani da fartanya, wani da kwanon fura yana kwasar yashi. Wani yaro ya rugo da jarkar ruwa, abokin tafiyata ya tare shi. Daga baya na gane dalili: gangar injin nan haɗin ƙarfen magnesiyam ce, in ta kama, ruwa ƙara mata haushi yake yi. Yashi ne ya kashe wutar. Na fito da kuɗi, babbansu ya tura hannuna ya ce, "Haba Malam, mayar da abinka. Allah ya tsare gaba." Ya Allah ka sa albarka a gonakinsu.

Da aka jawo ta gida na ce na haƙura, a kira 'yan gwangwan. Dattijo bai ce mini "ai na faɗa maka" ba, ko sau ɗaya, har yau. Asabar ta gaba sai ga shi da jak da tsohuwar tabarma. Noti huɗu ne ke riƙe injin jikin giya, kafin la'asar yana ƙasa. Wata takwas muka yi a kansa. A hannunsa na koyi saita bawul da sassafe injin na sanyi, tazarar milimita 0.15, da jerin wutar filogi, 1-4-3-2, wanda ya sa na yi ta maimaitawa kamar ɗan makarantar allo. Ya kuma hana a yar da ko ɗaya daga gwangwanayen da ke lulluɓe injin. Mota ce marar lagireto, iska kaɗai ke sanyaya ta, kuma a zafin Afrilu na Katsina gwangwani ɗaya ya ɓata sai injin ya buga. Dattijo, ba ni da abin biyanka.

Na gode wa ɗan'uwanmu rewaya da ya zare wayoyin da suka narke ɗaya bayan ɗaya ya shimfiɗa sababbi, kuɗin waya kaɗai ya karɓa. Na gode wa Alhajinmu da ya cire kafireta daga tasa motar ya ba ni aro, tasa ta zauna wata biyu. Wanda ya je Ƙofar Ruwa a Kano har sau biyu neman famfon mai, ka san kanka. Sa'armu ɗaya, Brazil ba ta daina ƙera Kombi ba sai 2013, don haka kayanta ba su ƙare a duniya ba, sai dai a sha yawo. Mai walda da mai fenti, Allah ya ƙara kasuwa.

Uwargida ta jure baƙin mai a wuyan riguna da tuwon mutum shida duk Asabar, ta yi mita kaɗan, kuma tana da gaskiya. Maƙwabta sun jure ƙarar salansa. A yafe mana.

Jiya Hajiya ce a kujerar gaba. Da muka zo daidai wurin da wutar ta tashi na tsaya, ba kowa a gonar, sai na bar buhun shinkafa wajen mai shago a ba su. A Daura muka kai ta Rijiyar Kusugu, ta ce rabonta da wurin tun Baba na tuƙi. Yanzu akwai tukunyar kashe gobara a bayan kujerar direba, tiyon mai kuma sabo ne da maɗauri a kowane baki.

Saura yadin rufin sama da ya ruɓe. Wanda ya san telan da ke ɗinkin tamfol mai kyau a Katsina ko Daura, don Allah ya yi mini magana. Allah ya saka wa kowa da alheri, ya jiƙan mahaifanmu.