Dami nawa, wata nawa

Aikina na farko bayan na gama karatun aikin gona shi ne tattara bayanai a wasu ƙauyukan arewacin Jigawa. Aka ba mu takardar tambayoyi da na'urar auna fili, aka ce mu gano ko noman da ake yi mai ɗorewa ne. Takardar an tsakuro ta ne daga tsarin FAO, hukumar abinci da aikin gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya, na muradun ci gaba na 2015, mai ma'aunai 11: riba, lafiyar ƙasa, ruwa, taki, maganin ƙwari, ladan ƙwadago, wadatar abinci, mallakar gona da sauransu. A ofis kam abin gwanin sha'awa.

Tambayar farko ce ta kunyata ni. Na tambayi wani dattijo kilo nawa na gero yake samu a hekta. Ya dube ni ya ce, "Ɗana, mu dami muka sani." Damin ma ba ɗaya ba ne, kowane gari da irin ɗaurinsa, kuma shekarar da zangarniya ba ta cika ba, sussukar ba ta auki. Ga shi gonar ba gero kaɗai ke ciki ba, akwai dawa, akwai wake, ga yakuwa a kan iyaka. Da na raba geron da faɗin filin, sai ta fito kamar gonar rago. Tsarin asali cewa ya yi a ƙirga duk abin da gona ta bayar. Mu ne muka tsaya kan hatsi don sauƙin lissafi. Harawa ba ta sami gurbi ba, alhali ita ke riƙe dabbobi da bazara, ita ke sa ragon layya ya yi kuɗi, kashinsa kuma ya koma gona a mangala.

Da dattijon ya ga na rikice, sai ya ce, "Ka tambaye ni wane wata rumbu ke ƙarewa mana." Na ce, "To Baba, wane wata?" A nan na fara karatu. In hatsi ya kai gida har a ci tumu, lafiya lau. In ya ƙare tsakiyar damina, maigida sai ya tafi ƙwadago gonar wani, daidai lokacin da tasa ke jiran maimai. Ciyawa ta ci gonar, baɗi rumbun ya ƙare da wuri fiye da bana, samari su tafi cin rani tun kafin a gama girbi. Tambaya guda ta kamo aljihu da ƙasa da zaman gida, abin da shafuka da yawa na takardata suka kasa.

Sai gawo. Da farko na rubuta shi cikin abubuwan da ke cinye fili. Alhali gawo da damina yake kaɗe ganye, ba ya yi wa shuka inuwa, yana ƙara wa ƙasa ƙarfi, geron gindinsa ya fi na ko'ina tsayi. A Maraɗi da Damagaram, tun daga shekarun 1980 manoma ke barin tohon kututture ya girma, abin da suke kira sassabin zamani, har filin da ya farfaɗo ya kai kimanin hekta miliyan 5. Ni kuwa ina nan ina rage wa mai gawo maki. Haka wuta-wuta: mu muna jiran sakamakon gwajin ƙasa daga birni, manomi ya ga furenta ya san gona ta gaji.

Kuskuren da ya fi ci mini rai shi ne na mata. Maigida kaɗai muke tambaya, shi kuma gandu yake ba da labari. Sai da wata abokiyar aikina ta shiga cikin gida muka ji batun gayauna, da gyaɗar da ake ƙuli-ƙuli da ita, da nisan da ake yi neman itace.

Daga nan na riƙa rubuta tambayoyi uku a bayan takardar: watan ƙarewar rumbu, yawan gawo, da gayaunar mata. Mai shigar da bayanai a kwamfuta ya ce babu inda zai sa su. Na kwafe su cikin littafina, yana nan cikin akwati har yau.