Wahalar kwana 21 da na narkar da hannuna

Har yau in na ga kwalbar ruwan wanki mai fosfet a kan kanta, sai raina ya ɓaci.

Aikina na digiri na biyu a kan faifan da ke tsakanin ƙasusuwan baya ne. Guda 23 ne a jikin mutum, kuma jini ba ya shiga tsakiyarsu, shi ya sa in sun lalace ba sa farfaɗowa. Babana ya yi shekaru yana dako a Kantin Kwari, yanzu a zaune yake sallah. Don haka abin ba na neman takarda kawai ba ne a wurina.

Ƙwayoyin tushe, wato ƙwayoyin halittar da ke iya rikiɗewa su zama wasu irin ƙwayoyin jiki, daga ɓargon rago na samo su, da sassafe a mayanka. Na raine su suka yawaita, na cakuɗa su da aljinet, wato sinadarin nan da ake tatsowa daga ciyawar teku. Da sirinji ake ɗiga shi cikin ruwan kalsiyam, kowane ɗigo ya daskare nan take ya zama kamar ƙwan kifi, ƙwayoyin na ciki. Wannan duk bai ba ni wuya ba.

Wuta nake tsoro. Inkubeta, na'urar da ake rainon ƙwayoyin a ciki, sai ta zauna a digiri 37, iskar kabon kashi 5 cikin 100, ga zafin Afrilu a Kano. Na sha sayen man janareta da kuɗin aljihuna. Sinadarin TGF-beta, mai sa ƙwayoyin su fara kama da na tsakiyar faifai, da dala aka sayo shi, a ɗan mitsitsin kwalba. Duk bayan kwana 3 ina canja musu ruwan abinci, har ranar Juma'a.

A rana ta 21 na kwaso ƙwallayen aljinet ɗin lafiya lau, sumul-sumul. Zan adana su kafin a yanka a yi musu rini, sai na wanke su da ruwan fosfet, na zuba su a fomalin da shi ma da fosfet aka haɗa shi. Haka muke yi wa kowane nama, hannuna ne kawai ya tafi. Washegari na tarar da abu kamar koko. Kalsiyam ne ke riƙe da aljinet, fosfet kuwa janye shi yake yi. Na san wannan fa! Yana cikin littafina, da rubutun hannuna.

Dattijon da ke kula da ɗakin gwajin ya ɗaga kwalbar ya duba a hasken taga. Ya ce, "'Yata, kin sa kalsiyam a ciki?" Na ce, "A'a, Baba." Bai ƙara komai ba, ya miƙo mini kujera.

Duk wanda zai taɓa aljinet, don Allah ya wanke da ruwan gishiri zalla, ya ɗan sa kalsiyam a duk ruwan da zai jiƙa su. Kuma ya ajiye ƙwallayen banza, marasa ƙwayoyi, ya fara gwada kowane sabon ruwa a kansu. Minti 10 ake haɗa su. Wata shida nake gadin janareta, ban taɓa tunanin wannan ba.

Ragowar sinadarin TGF-beta rabin zagaye kawai ya isa. A watan Yuni na sake, ƙwallaye 12. Da aka sa rinin Alcian, mai nuna ko ƙwayoyin sun fara yin irin abin da ke tsakiyar faifai, shuɗi ya fito kewaye da ƙwayoyin, amma Baba ya hana ni murna, don aljinet ɗin kansa yana ɗaukar wannan rinin. Sai da na jera su da na banza a ƙarƙashin madubin duba ƙananan halittu, na ga nawa sun fi duhu daidai inda ƙwayoyin suke, sannan na kira gida.